DARASIN MOTSA JIKI DA RAWA A SAKANDARE: A ƘAURACE WA FILIN NE KO A GYARA SHI?

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ya gabatar ga ɗaliban sakandare da suka haɗu daga Wurno, Rabah da Goronyo a lokacin hutu. Mun ɗan rage shi saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu wannan jiki amana, zai kuma tambaye mu yadda muka yi da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa, na san akwai wanda da ya ji maudu'in da aka ba ni zai ce a ransa, yanzu ana cikin wannan hali, ƙauyuka sun watse, mutanen Tabanni da maƙwabtansu sun yi zaman gudun hijira a Gandi tun 2018, an shiga kasuwar Goronyo an kashe bayin Allah a 2021, sai kuma a tara mu a yi mana maganar guje-guje da tsalle-tsalle? To, ba ni na zaɓi maganar ba, ku kuka kawo ta. Tambayar da ta fi yawa a takardun da kuka rubuto ita ce: malamin wasanni yana fitar da mu fili da gajeren wando, ranar intahaus kuma ana sa 'yan mata rawa a gaban jama'a, shin mu ƙaurace wa abin gaba ɗaya ne ko yaya? Na ji cewa a wasu ajujuwan har an rabu biyu, masu gudu su ɓuya a masallaci duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawar wasanni, da masu cewa ai dokar makaranta ce, abin da aka ce shi za a yi.

Abin da zan faɗa maku shi ne, ɓangarorin nan biyu kowanne ya saki wani abu da bai kamata ya saki ba. Filin nan ba za mu bar shi ba, domin namu ne tun asali. Ba kuma za mu karɓe shi yadda aka miƙo mana shi ba.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, don da yawanmu muna faɗa da abin da ba mu karanta ba. Tun da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982 ake koyar da darasin motsa jiki da kiwon lafiya a ƙaramar sakandare, wanda kuka fi sani da PHE. In ka buɗe littafinsa za ka ga gudu, tsalle, jifa, ƙwallon ƙafa da na hannu, kokawa, iyo, taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, tsaftar jiki da ta muhalli, da sanin abinci mai gina jiki. A can wani lungu kuma akwai ɗan babi kan motsa jiki da bin sautin kiɗa. Sai wani darasi daban, na al'adu da fasaha, wanda manhajar 2008 ta haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a cikinsa. A babbar sakandare kuwa darasin motsa jiki na zaɓi ne, wanda ya so ya rubuta shi a jarrabawar WAEC. Ke nan rawa ɗan yanki ce ƙarami a cikin abu mai faɗi. Sannan ina son duk wanda ke da littafin ya duba, ya zo ya nuna mini shafin da aka ce dole wando ya tsaya a cinya, ko dole budurwa ta karkaɗa jiki a gaban baƙi kafin a ba ta maki. Waɗannan abubuwa sabo ne da aka gada, wani ya gani a wata makaranta ya kwaikwayo, har aka ɗauka doka ce.

Yanzu kuma mu dubi abin da ke faruwa a aikace. A makarantar da na yi, ba sai na faɗi sunanta ba, lokacin wasanni sunansa kawai ke kan jadawali. In an kaɗa ƙararrawa sai a ce kowa ya ɗauko fartanya a nome ciyawar bayan ofis, ko a share fili, ko malamin lissafi ya ce ya ara don bai gama darasinsa ba. Ƙwallo ɗaya gare mu, ita ma ta sha ɗinki har ta gaji. Haka za a cinye shekara. Sai saura mako biyu intahaus, ka ga makaranta ta tashi tsaye. A kawo makaɗa, a ware 'yan mata a yi ta koya masu rawa har bayan la'asar, yara maza kuma da ba su taɓa zagaya fili sau ɗaya ba a ce su fito tseren mita 1500 da tsakar rana. Ranar taron a kafa rumfa, manyan baƙi su zauna, a yi fareti, 'yan mata su fito, a yi ta liƙi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, lasifika na ta ruri. Yaro biyu ko uku su faɗi a sume, a yayyafa masu ruwa, a ba su gulukos a tafin hannu. Washegari a mayar da ƙwallo ofis sai baɗi.

To wannan shi ne motsa jiki? Wannan biki ne aka yi wa manya, aka ari jikin yara aka yi ado da shi.

Kuma abin yana da hasara wadda ba a lissafawa. Akwai wani dattijo a unguwarmu da aka sha wahala kafin ya yarda 'yarsa ta wuce firamare. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare, wani ya zo ya ce masa ya gan ta cikin masu rawa ranar intahaus. Daga ranar ba ta sake taka makaranta ba. Yarinya ce mai ƙoƙari, wadda da an bar ta wataƙila yau ita ce ke karɓar haihuwa a asibitin garinsu. Kowa a nan ya san irin wannan labari. A yankin da ake roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su yi karatu, rawar awa ɗaya tana iya rushe wa'azin shekara biyar. Yau kuma abin ya ƙara muni, domin a da in an yi an gama, wanda ya gani ya gani. Yanzu kowane yaro da waya a hannu, kafin magariba hoton 'yar mutane yana yawo a TikTok, wanda ke Legas yana kallo.

Wannan shi ne abin da masu ɓuya a masallaci suka gani, kuma ganinsu gaskiya ne. Inda na saɓa da su shi ne maganin da suka zaɓa.

'Yan'uwa, wa ya gaya maku horar da jiki na boko ne? Ku koma Sira. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta tsere masa, bayan shekaru suka sake, ya tsere mata. Ya yi kokawa da Rukana, wanda Makka duk ta san ba a kai bayansa ƙasa, ya kayar da shi. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina, har ya bambanta zangon dawakin da aka horar da na waɗanda ba a horar ba, Abdullahi ɗan Umar (RA) yana cikin mahaya. Wanda ya fi dacewa da ku kuma shi ne abin da ya faru gab da Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. An mayar da yara gida saboda ƙuruciya, amma aka bar Rafi'u ɗan Khadij don an shaide shi da iya harbi. Sai Samura ɗan Jundub ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka ce su kama. Suka kama, Samura ya kayar da shi, aka bar su duka biyun. Shekarunsu wajen 15 ne, wato sa'o'in 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. Ina tambaya, a ina suka koyi harbi da kokawar? Ai ba ranar suka fara ba. Akwai filin da suke zuwa, manya kuma suna sane da su, shi ya sa aka iya ba da shaida a kansu.

Ba sai mun je nesa ba ma. Waɗanda suka sauke Risala a zaure sun san babinta na ƙarshe ya taɓo tseren dawaki da gasar harbi, ya kuma raba su da wasannin caca. Mukhtasar na Shaihu Khalil yana da babi sukutum a kan tsere, masu sharhinsa kuma sun kawo tseren ƙafa da na jiragen ruwa da kokawa cikin abin da ya halatta in ba a sa kuɗi ba, aka kuma nufi ƙarfafa jiki. Waɗannan littattafai su kakanninmu suke karantawa a garuruwan nan tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato.

Garin nan da muke zaune, Wurno, mene ne asalinsa? Ribaɗi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da mutane a nan don su tsare iyaka, su yi noma, su yi karatu, shi da kansa ya bar Sakkwato ya tare a cikinsu, a nan ya rasu a 1837, ga kabarinsa nan muna ziyarta. Mutumin ribaɗi ba ya yiwuwa ya zama raggo, wanda in ya yi gudun minti biyu sai ya dafe ƙirji. Kuma shi Bello, duk da mulki da yaƙi da ke kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basur. Wato lafiyar jikin talakawansa yana ganinta cikin aikin addini. A ce yau jikokin mutanen ribaɗi su ne ke jin ƙararrawar wasanni su ruga su ɓuya, suna ganin taƙawa ke nan, wallahi akwai gyara.

Su waɗanda suka kawo mana boko sun san darajar fili fiye da yadda muka sani a yau. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turawa ba su tsaya ga allo da alli ba. Sun kawo kurket, wani malaminsu mai suna Hogben kuma ya kawo wasan faibis, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wasan 'ya'yan manyan Ingila. Ɗan Rabah, Ahmadu Bello, wanda ya shiga kwalejin a 1926 ya fita a 1931, ya zama gwani a wasan, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Har yau ana buga faibis a Sakkwato da Katsina da Birnin Kabi. Me Bature yake nema? Ya san abin da ba ya shiga kan yaro a aji yana shiga a fili: bin umarni, jure wahala, aiki tare, da son wanda ya koya maka. Haka a Amurka, ƙwallon kwando an ƙirƙiro shi a 1891, ƙwallon raga a 1895, dukansu a hannun malaman ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, don su riƙe matasa kusa da su. Su sun mai da fili hanyar kama zukatan samari. Mu kuma, da muke da Samura da Rafi'u a tarihinmu, sai mu tattara mu bar wa wasu filin, sannan mu dawo muna kukan samari sun lalace?

Kuma ku duba inda samarin suka koma. Ƙarfin da Allah ya zuba wa ɗan shekara 16 sai ya sami mafita, ko ta alheri ko ta tsiya. In bai ƙone a fili ba zai ƙone a gidan kallon ƙwallo, inda za ka ga ƙato ya san sunan 'yan wasan Sifen kaf da kuɗin da aka sayi kowannensu, shi kuwa rabonsa da ya yi gumi a fili tun yana firamare. Daga kallo sai cacar ƙwallo ta waya. Daga nan sai ƙwaya. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi mu'amala da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Ba na cewa langa za ta warkar da mai shan tiramol, amma yaron da ya san gobe da asuba abokansa na jiransa a fili, ya san kuma za a gane in numfashinsa ya canza, yana da abin da zai sa ya yi tunani sau biyu.

Wani zai ce, mu da ke wuni a fadama, muna dashen shinkafa, muna ban ruwan albasa da tafarnuwa, wane motsa jiki kuma za a koya mana? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ba zan sa wanda ya wuni a gona ya zagaya fili sau goma ba. Amma duƙe da fartanya daga safe zuwa azahar baya yake ci, ba ya koya maka abin da za ka yi in ɗan'uwanka ya karye a hanya, ko ya yanke jiki ya faɗi don zafin rana, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Kuma ba ya koya maka iyo.

Bari in ɗan tsaya a kan iyo, don a yankinmu wannan maganar rai ce. Muna zaune ne a bakin gulbin Rima. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984, an gina ta ne don ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942. Mun ga abin da ruwa ya yi a ambaliyar 2010, gidaje da gonaki da rumbuna suka tafi. A watan Agustan 2025 kwalekwale ɗauke da mutane masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife, aka yi ta neman bayin Allah a ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yanzu kuma da hanyoyin mota da yawa suka zama abin tsoro, mutane sun ƙara komawa jirgi. A cikinku nan, wa zai iya riƙe kansa a ruwa mai zurfi na minti biyar? Wa ya san yadda ake ciro wanda ke nutsewa ba tare da ya ja ka kun tafi tare ba? Wa ya san yadda ake kwantar da wanda aka ciro, a danna ƙirjinsa, a hura masa numfashi? Duk wannan yana cikin darasin da wasunmu ke gudu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya umarci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Makarantunmu ba su da wurin iyo, gaskiya ne, amma muna da sarkawa, waɗanda a ruwa aka haife su. Me zai hana a nemi dattijo ɗaya daga cikinsu ya riƙa koya wa ɗalibai a wuri marar zurfi, da sanin iyaye, lokacin da ruwa ya ja? Sai dai a kiyayi kududdufai da magudanan ban ruwa da ruwansu ke kwance, don can ake ɗauko tsargiya. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai maganinta, kada ya yarda da masu cewa alamar balaga ce. Kuma ko ka iya iyo, in akwai rigar ruwa a jirgi ka sa.

Yanzu mu zo ga rawa. Fatawa ta malamai ce, kuma sun yi magana mai tsawo a kan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a wasu wurare. Amma akwai abin da ba a saɓa a kansa ba. Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallo har ta gaji don kanta. A ranar idi kuma an sami 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakinta, Sayyidina Abubakar (RA) ya tsawata, Annabi ya ce a ƙyale su. Saboda haka farin ciki da motsa jiki ba su ne laifin ba. Tambayoyin da za ka yi su ne: wa ke yi, wa ke kallo, me aka sa a jiki, me ake faɗa a waƙar, kuma me aka bari don a yi wannan? 'Yan mata su yi gaɗarsu a tsakar gida ko a cikin katangar makarantarsu, su da malamarsu, su yi tafi su yi tsalle har su gaji, wannan daban. A jera 'yan mata baligai a gaban rumfar maza, makaɗi na zuga su, ana manna masu kuɗi a goshi, wannan kuma daban, ko da an kira shi raya al'ada.

Wannan kalma ta raya al'ada ma ku lura da ita. Tun bikin FESTAC na 1977 aka saba da cewa in an ce al'ada to ganga ce da rawa a gaban manyan baƙi. Shin kunya ba al'adarmu ba ce? Karatun allo fa? Langa da kokawa da sukuwa fa? Yaya aka yi duk faɗin al'adar Bahaushe da Bafillace ba a ga abin nunawa ba sai jikin 'ya mace?

Amma 'yan'uwa, kafin mu nuna shugaban makaranta da yatsa, su wane ne 'yan kallon? In aka fara tseren mita 800 fili fayau, kowa na gindin bishiya. Da an buga ganga sai ka ga samari sun yi dafifi, har da masu hawa katanga, har da wanda jiya ya gama yi mana wa'azi. Ranar da samarin makaranta suka tashi suka tafi alwala lokacin da aka kira masu rawa, wallahi shekara mai zuwa mai shirya taron zai sake lissafi.

Sai abin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne masu zafi a cikinmu suke kuskure. In ka ce a hana rawa a gaban maza, sannan ka yi shiru, to ka bar ƙannenka mata ba su da komai. Kai kana da gona, kana da keke, kana da filin ƙwallo. Ita fa? Daga aji sai ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, binciken da ta fitar a 2019 kuma ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa samun haka, maza kuma kashi 78. Waɗannan 'yan mata su ne gobe za su ɗauki ciki su haihu, a ƙauyukan da asibiti ke da nisa. Ƙarfin jikinsu ba abin wasa ba ne.

Irin wannan muhawara an taɓa yin ta a ƙasar nan. Lokacin da Shehu Usmanu yake yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi da cewa mata na halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, Abdullahi kuma ya kawo labarin a Tazyinul Waraƙat. Ma'anar amsar ita ce, su ba su yarda da cakuɗa ba, suna ma hana ta, amma barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. Shehu bai kori mata ba, wuri ya ware masu. Daga wannan tushe ne Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajis suna jagorantar mata a ƙasa daga ƙauyuka masu nisa don neman ilimi. To wannan ita ce ƙa'idar da za mu ɗauka mu kai fili. Kada a soke wasannin 'yan mata. A ba su ranarsu, da malama mace, da wuri mai katanga, da sutura mai yalwa, iyayensu mata su zo su yi kallo su ba da kyauta. Ko Saudiyya, da ta daɗe ba ta koyar da wannan darasi a makarantun gwamnati na mata, ta fara a 2017. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ma ta amince da sa ɗankwali a fili tun 2014.

Ku kuma gode wa Allah da inda kuke. A Faransa, a garin Flers, an kori yarinya Musulma daga makaranta a 1999 don ta ƙi cire ɗankwali a darasin motsa jiki, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai kuma ta goyi bayan makarantar a 2008. A 2017 kotun nan dai ta ce hukumomin Suwizalan suna da ikon tilasta wa 'yan mata Musulmi shiga darasin iyo tare da maza. Mu fa? Shugaban makaranta Musulmi, malamin wasanni galibi Musulmi, iyaye Musulmi, jihar ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a Yunin 2022 cewa ɗaliba na da ikon sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. In a Legas an samu haka, a Rabah wa zai hana ka sa wandon da ya rufe gwiwa? Sau da yawa babu wanda ya hana, ba a dai taɓa tambaya ba.

Saboda haka in an koma makaranta, kada ku jira sai ana saura kwana uku intahaus ku tayar da hayaniya. Tun makon farko ku zauna, ku rubuta takarda da ladabi, ku sami malami ɗaya mai mutunci ya raka ku wurin shugaban makaranta. Ku gaishe shi yadda ake gaida uba. Ku ce Malam, muna son lokacin wasanni ya zama na wasanni, a bar mu mu sa dogon wando, a tsayar da taro in lokacin salla ya yi, a mai da dogon tsere da safe ko bayan la'asar, 'yan'uwanmu mata kuma a ware masu ranarsu. Ku sa iyayenku su maimaita maganar a taron iyaye da malamai, don muryar uba ɗaya a can ta fi ta ɗalibi hamsin. Wanda aka sa shi rawa a darasin al'adu zuciyarsa ba ta natsu ba, ya roƙi a canza masa da zane ko saƙa ko wani aikin hannu, duk suna cikin darasin. Ba zagi, ba jifa, ba fasa tagogi. Duk wanda ya fasa taga ya ba su hujjar rufe maganar.

Kada kuma ku je hannu rabbana. In ya ce babu kayan wasa, ku ce langa ba ta bukatar ko sisi: ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ɗingishi da ɗaya, ku kare ruwanku har ya sha. Wanda ya yi langa na minti goma ya san ta fi ƙwallo cin numfashi, kuma yanzu ita da kokawa da dambe ana yin su a gasar wasanni ta ƙasa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa ana ba zakara takobi. Sai dai tamu kokawar ba laya, ba guru, ba kirarin cin mutunci, ba kuɗin caca, a kuma rufe al'aura.

Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai da babbar murya. Da na ambaci ribaɗi da Uhudu, kada wani ya fita ya ce an ce a yi atisaye ko a nemi makami. Ban faɗa ba. Maganar lafiya da ƙarfin jiki da tarbiyya nake yi. Halin da ake ciki kuma kun san shi, har ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na wajen birni a 2021. Don haka ba gudu a bayan gari da duku-duku, ba shiga daji. Ku yi a filin makaranta ko filin idi, da rana tsaka ko bayan gari ya waye sarai, mai unguwa ya san da ku, iyayenku su san inda kuke. A watan azumi a rage, a mai da shi gab da shan ruwa ko bayan tarawihi.

Su 'yan'uwa na Goronyo, ku za ku nemo mana basarken da zai koyar da iyo, ku kawo sunansa a zama na gaba. Na Wurno da Rabah kuma kowane gari ya fitar da mutum shida na langa, a gwada kafin hutu ya ƙare. Wanda ke da ƙanwa a sakandare, yau in ya koma gida ya tambaye ta abin da ake sa su yi a lokacin wasanni, ya saurara har ta gama kafin ya ce komai.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.